Yadda ake daidaita alkaliniti da kalsiyam a tankin murjani na gida

Murjani mai tauri, irin su Acropora da Montipora, dabba ce da ke gina ƙashinta da abu biyu da take zuƙa daga ruwa: kalsiyam da kabonet. A teku ba su ƙarewa, a tankin gilashi kuwa kullum raguwa suke, sai ka mayar. Yawan kabonet ɗin ne ake aunawa da sunan alkaliniti, a ma'aunin dKH.

Ruwan teku na da kalsiyam kusan ppm 420, alkaliniti kusan dKH 7, magnesiyam kusan ppm 1,300. A tanki ka nemi kalsiyam tsakanin 380 da 450, alkaliniti tsakanin 7 da 11. Ni dai na fi son 8, domin ko ya ɗan yi sama ko ƙasa ba a fita haddi ba.

Da farko ka gyara gishiri. Idan nauyin ruwan bai kai 1.025 zuwa 1.026 ba, duk sauran awon zai zo ƙasa. Ka haɗa gishirin da ruwan da na'urar RO/DI ta tace, ba na rijiya ko burtsatse ba, don ba ka san abin da ya narke a cikinsu ba. Daga nan sai magnesiyam, wanda ke hana kalsiyam da kabonet haɗuwa su daskare a kan famfo da hita. In bai kai 1,250 ba, ka ɗaga shi tukuna, in ba haka ba za ka yi ta zuba magani awo na tsaye wuri guda.

Sai babban aikin, wato gano abin da tankinka ke ci a rana. A nan alkaliniti za ka sa wa ido. Duk dKH 1 da murjani ya cinye, kalsiyam ppm 7 kawai ke tafiya da shi. Kalsiyam rumbu ne cike, alkaliniti kuwa ɗan kwano, kafin ka ga gibi a rumbun kwanon ya ƙare. Kayan awon kalsiyam ma da ƙyar suke nuna bambancin ppm 7, don haka awonsa sau ɗaya a mako ya isa.

Ka samu kayan awo mai kyau, kamar Salifert ko Hanna. Ka auna alkaliniti yau, ka bar tankin kwana biyu ba ƙari ba canjin ruwa, sannan ka sake aunawa a daidai wancan lokacin. A ce tankin lita 200 ne, awo ya sauka daga 8 zuwa 7. Ke nan yana cin rabin dKH a rana.

Bekin soda zalla, giram 3 a lita 100, yana ɗaga dKH 1. Tankin namu zai buƙaci giram 3 kullum. Kalsiyam kulorayid mai ɗauke da ruwa kashi biyu, giram 3.7 a lita 100, yana ɗaga ppm 10, wato tankin namu zai buƙaci kusan giram biyu da rabi a rana. Lita 200 ɗin ruwa nake nufi, ban da wurin da duwatsu da yashi suka cinye. Kada kuma a ce kanwa za ta maye gurbin soda, tana da ƙasa da wasu gishirai da ba a san adadinsu ba.

Ka narkar da kowanne a kwalbarsa. Kada ka taɓa haɗa su, nan take za su koma farin alli. Ka zuba ɗaya a hankali inda ruwa ke gudu da ƙarfi, nesa da murjani, ka jira kamar rabin awa kafin ɗayan. Idan awon ya yi ƙasa sosai, kada ɗagawar ta wuce dKH 1 a rana. Acropora na jure zama a 7 wata da watanni, amma tsalle daga 7 zuwa 10 a yini guda yana iya saɓule masa nama daga kan rassa. Na fi jin takaicin wannan asarar, domin kulawa ce ta kashe shi.

Mai ƙaramin tanki zai iya amfani da kalkwasa, wato kalsiyam haidiroksayid, giram ɗaya da rabi a litar ruwan da ake cike tanki da shi. Yana kawo duka biyun a daidai rabonsu. Sai dai pH ɗinsa ya haura 12, don haka ɗigo-ɗigo ake sa shi, gara da dare. Ka lura da lokacin hunturu: busasshiyar iska na ƙafar da ruwa da sauri, ciko ya ƙaru, alkaliniti ya hau ba ka sani ba.

Makon farko ka auna kullum ka rubuta a littafi, bayan haka sau biyu a mako. Murjani na girma cinsa na ƙaruwa, sai ka sake gwajin kwana biyun duk wata, ko duk lokacin da ka sa sabon reshe.