Amanar Ɗalibi A Ɗakin Jarrabawa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi ɗaliban jami'a ne, da hukuncin ha'inci a jarrabawa.

A ƙasar Amurka akwai wata jami'a da ba ta gwamnati ba, ana ce da ita Harvard, wadda aka kafa a shekarar 1636. Shigarta wuya gare ta ƙwarai, gama a shekarar 2022 mutum fiye da 61,000 suka nemi gurbin digirin farko, amma waɗanda aka ɗauka ba su kai 2,000 ba. Duk da wannan irin tankaɗe da rairaya, a shekarar 2012 sai da aka tuhumi ɗalibai wajen 125 da laifin haɗa baki a wata jarrabawa da aka ba su su je su yi a ɗakunansu. Da aka ƙare bincike, fiye da rabinsu aka dakatar na wani lokaci. Waɗannan yara ba daƙiƙai ba ne. Ashe kaifin basira daban, riƙon amana daban.

Wata jami'ar kuma irinta, Princeton, tun shekarar 1893 ta kafa wata al'ada wadda ta yi fiye da shekara 100 tana bi: malami ya raba tambayoyi ya fita, kowane ɗalibi kuwa ya rubuta alkawari a takardarsa cewa bai yi maguɗi ba. Abin da suke nema da wannan tsari, Musulunci ya riga ya zo da shi. A cikin hadisin Mala'ika Jibrilu an bayyana Ihsani da cewa bawa ya bauta wa Allah kamar yana ganin Sa, in ma bai gan Shi ba, to, Shi yana ganin bawan. Wanda ya sakankance da wannan, fitar mai tsaron jarrabawa ba ta sāke masa kome.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya cusa hannunsa ciki, sai ya ji danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tambaye shi dalilin da ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a bisa ba don mutane su gani, sa'an nan ya barranta daga duk mai algus. To, takardar shaidar digiri tamkar saman tsibin nan take. Jama'a ita suke dubawa su miƙa wa likita majinyacinsu, su miƙa wa injiniya ginin gadarsu. In an same ta da satar amsa, danshin yana nan a ƙasa, kuma wanda bai ji ba bai gani ba shi zai cutu.

Akwai mas'aloli uku da ya kamata ɗalibi ya kiyaye. Na farko, haramcin bai taƙaita ga darussan addini ba. Ha'inci a lissafi ko Turanci ha'inci ne. Na biyu, kasancewar makaranta ba ta Musulmi ba bai halatta shi ba, domin wanda ya sa hannu a dokokin jami'a ya ƙulla alkawari, ayar farko ta Suratul Ma'ida kuwa ta yi umurni da cika alkawura. Na uku, mai bayar da amsa da mai karɓa sun yi tarayya a zunubi, gama aya ta biyu ta wannan sura ta hana taimakekeniya a kan saɓo. Haka kuma hukuncin wanda ya kwafo aikin wani daga intanet, ko ya sa kwamfuta ta rubuta masa inda aka hana, ya ce nasa ne.

Wanda ya riga ya afka, ƙofar tuba a buɗe take: ya yi nadama, ya daina, ya ƙudurta ba zai koma ba, kuma ya koma ya koyi abin da ya tsallake kafin a danƙa masa rayukan mutane. Iyaye masu biyan maƙudan kuɗin makaranta su ma su sassauta, kada matsawarsu ta sa yaro ya fi tsoron faɗuwa bisa tsoron Allah.

Allah Ya ba ɗalibai ilmi mai amfani, Ya tsare su daga cin amana. Amin.