DARASIN KIMIYYA: Me Ya Sa Karfasa Ke Mutuwa a Kwalba?

Da damina yara da yawa a Yakasai kan samo 'yan kifaye daga kududdufi su zuba a robar ruwa, gari na wayewa sai a ga sun mutu. A wannan makon mun kawo muku dalili da kuma gyara.

Wace ce karfasa?

Karfasa tana cikin dangin kifin da masana kimiyya ke kira sikilid. Dangin yana da nau'i fiye da 1,000, kuma mafi yawansu a Afirka suke. Tafkin Malawi kaɗai yana da ɗaruruwa, wasu shuɗaye, wasu ruwan ɗorawa, ana kai su har Turai da Amurka don ado a akwatin gilashi. A Afirka ta Yamma ma akwai wani ɗan ƙarami ja mai ɗigo-ɗigon shuɗi. Tamu ta miya, irin wadda masunta ke kamawa a madatsar ruwan Tiga da aka gama a 1974, 'yar'uwarsu ce.

In an sayo karfasa a gida, ku duba kafin a gyara ta. Ƙofar hancinta ɗaya ce a kowane gefe, alhali yawancin kifaye biyu-biyu gare su. Fiffiken bayanta kuma gabansa ƙaya ne, ƙarshensa mai laushi.

Uwa mai goyo a baki

Namiji ne ke haƙa ɗan rami a ƙasan ruwa. Mace ta zuba ƙwai, ya barbare su, sai ta kwashe a bakinta. A nan suke ƙyanƙyashewa cikin 'yan kwanaki. Takan yi kusan mako 2 da su ba ta cin abinci. Ko bayan ta sake su, da sun ga haɗari sai su ruga su koma bakinta.

Abubuwa 4 da ke kashe ta

1. Rashin iska. Tarwaɗa tana iya leƙowa ta shaƙi iskar sama, shi ya sa take daɗewa a bokiti. Karfasa kuwa da iskar oksijin da ke cikin ruwa ta dogara, kuma ta saman ruwa iskar ke shiga. Kwalba bakinta ƙarami ne.
2. Dauɗa. Kashinta da ragowar abinci suna zama guba mai suna amoniya.
3. Ruwan famfo sabon tara, saboda sinadarin kulorin da ake sa masa.
4. Sanyi. Ta fi son ruwa mai ɗumin digiri 25 zuwa 30. In ya sauko ƙasa da 20 sai ta rage ci. Daren hunturu a Disamba da Janairu yana wahalar da ita sosai.

Yadda za mu kula da ita

- Mu sami baho mai faɗi ko akwatin gilashi da zai ci aƙalla jarka 2, mu sa ƙanana biyu ko uku kawai. Suna girma, sai a canja musu babba.
- Mu bar ruwan famfo ya kwana a buɗe kafin mu zuba.
- Kowane mako mu kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan mu sa sabo. Kada a wanke mazubin da sabulu ko omo.
- Abinci sau 2 a rana, daidai wanda za su cinye a minti 3. Banda tuwo da burodi.
- Mu sa yashi da duwatsu, domin suna son tono, kuma maza na faɗa kan wuri.
- Da hunturu a shigar da su ɗaki da dare.
- In kun gan su a sama suna ta buɗe baki, iska ce ta ƙare. A canja rabin ruwan nan take.

Gargaɗi

Kada mu shiga kududdufi don kamun kifi. Ana nutsewa, ana kuma ɗaukar tsargiya, cutar fitsarin jini. Mu roƙi babba ya sayo mana daga masu kiwon kifi. Wanda ya san ba zai iya kula da kifi ba, ya bar shi inda Allah ya ajiye shi, domin mai rai ne.

Tambayar mako: me ya sa baho ya fi kwalba ko da ruwansu ɗaya ne? A kai amsa ga malamin kimiyya kafin Alhamis.