Darasin Kasuwanci: Karayar Ma'aikaci da Haƙƙin Diyya

A Kontagora, inda ake lodin masara da dawa zuwa manyan kasuwannin ƙasar nan, karaya ba baƙuwa ba ce ga 'yan dako da direbobi da yaran mota. Matakin da aka ɗauka a ranar farko shi ke nuna wanda asarar za ta hau kansa.

Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987, ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin wata a asusun hukumar NSITF. Wanda ya ji rauni a bakin aiki zai sanar da maigidansa cikin kwana 14, shi kuma maigida ya kai wa hukumar rahoto cikin kwana 7. Takardar neman diyya kuwa cikin shekara guda ake shigar da ita.

Sai dai diyya ba ta tabbata sai da hujja, wato hoton ƙashi da rahoton likita mai bayyana irin karayar da girman nakasar. A nan ake yawan tafka kuskure, domin akan garzaya wurin mai ɗori ba hoto, ba takarda. In ɗaurin ya matse, jini kan tsaya, nama ya ruɓe, har a kai ga yanke ƙafa. A wannan hali, tabbatar da cewa haɗarin ne ya jawo nakasar, ba ɗorin ba, yakan zama jan aiki.

Idan kuwa asibiti ake zargi da sakaci, wajibi ne mai ƙara ya nuna abu uku: cewa kulawar tana wuyan likitan, cewa ya gaza yin abin da ƙwararre irinsa zai yi, kuma gazawar ce ta haifar da cutar. Ƙashi ya ƙi haɗuwa kaɗai bai isa hujja ba. Majalisar Likitoci ta Nijeriya tana ladabtar da likita mai laifi, amma yanke diyya aikin kotu ne.

Saboda haka, abin da ya fi wa ɗan kasuwa sauƙi shi ne ya kai mai rauni Babban Asibitin Kontagora nan take, ya amince in an tura shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, sannan ya adana kowane hoto da rasit. Kuɗin hoto kaɗan ne in an gwada da kuɗin shari'a.