Amsar Tambaya: Sun Hana Ni Biza Sau Biyu

Tambaya: Malam, ni ɗan Gwandu ne, ina koyarwa a Kalgo. Sau biyu ana gayyatata taro a Jamus, sau biyu ana hana ni biza. In haƙura?

Amsa: Sannu ɗan'uwa, amma kada ka haƙura. Yuro 90 ɗin da ka biya kowane zuwa ya tafi, ba a mayarwa. Ɗauko takardar da jami'an biza suka haɗo da fasfonka, ka duba dalilin da suka yi wa alama. Sau da yawa shakka suke ko za ka dawo. To nuna musu abin da ya ɗaure ka a gida: takardar aiki, izinin hutu, albashin da ke shiga asusunka duk wata. Kuɗin aro da aka zuba jiya, daga gani suke gane shi.

'Yan "kawo kuɗi a yi maka hanya" kuwa, guje su, kuma kada ka ɓoye an taɓa hana ka, yana cikin kwamfutar jami'an biza. Fasfon da ba hatimi ko ɗaya ba ya burge su. Ghana da Senegal ba sa neman biza daga ɗan Najeriya, albarkacin ECOWAS. Je ka taro can tukuna, ka dawo da hatimi.