Tsatsar Legas ko Ƙurar Kano?

Tambaya: A wurin aiki an ba ni zaɓi, ko in koma Legas ko in ci gaba da zama a Kano. Ina da Peugeot 504 da na gada daga mahaifina, ba na so ta lalace. Ina ne zai fi mata?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinka. In don motar ce kaɗai, Kano ta fi. Danshi ne ke cin ƙarfe, iskar Legas kuwa ga danshi ga gishirin teku, damina kuma doguwa. Tsatsa daga ɓoye take farawa: gindin ƙofa, saman taya, da ƙarƙashin kafet inda ruwa ke kwana. Kafin fenti ya kumbura, ta riga ta huda ciki.

Kano ma tana da nata. Ƙurar hunturu tana toshe filtar iska, zafin Afrilu kuma, da kan haura digiri 40, yana fasa robobi ya gajiyar da batir. Amma waɗannan ka canza su a Ƙofar Ruwa cikin yini guda. Jikin da tsatsa ta cinye kuwa sai mai walda.

Duk da haka, kada mota ta zaɓa maka gari. Fara duba iyali da abin masarufi. In Legas ta fi maka, nemi gida wajen Agege ko Ikeja, nesa da teku. Riƙa wanke ƙarƙashinta, a fesa maganin tsatsa, kada ka kutsa ruwan ambaliya. In Kano ce, yi mata rumfa, ka riƙa duba filta duk hunturu. Allah ya zaɓa maka mafi alheri.