Darasi na 17: Mutunci da ƴan uwansa

Yara, ku buɗe taswirar Afirka. Ku ɗora yatsa a kan Damagaram, ku ja shi gabas. Ku wuce tafkin Cadi, ku wuce Abeshe, ku shiga ƙasar Sudan. Can inda koguna biyu suka haɗu, Farin Nilu da Shuɗin Nilu, akwai garuruwa uku suna kallon juna: Hartum, Umdurman da Bahri. A gefen Bahri akwai wata unguwa, ana ce mata Alhilla Kuku. An san ta da shanun madara. A Larabcin Sudan, "hilla" na nufin ƙauye ko unguwa.

Akwai Hausawa da yawa a Sudan. Kakanninsu sun tafi aikin haji ne a ƙasa, wasu bisa jaki ko raƙumi. Tafiyar takan ɗauki shekaru. In guzuri ya ƙare, sai su tsaya su yi noma ko ɗinki ko dako, su tara kuɗi, su ci gaba. Wasu suka zauna ke nan. A shekarar 1903, bayan yaƙin Burmi inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Mai Wurno ya ja jama'a suka yi gabas. Garin da suka kafa a bakin Shuɗin Nilu yana ɗauke da sunansa.

To, baƙon da ya iso garin da ba shi da gona, ba shi da dangi, me zai nuna a yarda da shi? Ba shi da komai sai halinsa. Wannan shi ya kawo mu ga kalmar yau.

Mutunci daga "mutum" ya fito, kamar yadda baƙunci ya fito daga "baƙo", zumunci kuma daga "zumu". Mutunci shi ne darajar da mutum yake da ita don shi mutum ne, da kuma girmama wannan daraja a wurin waninsa. Talaka yana da shi, bawan Allah da ke dako a kasuwar Umdurman yana da shi. Ana kare mutunci, ana zubar da shi, ana kuma cin na wani. Wanda ya yi sata ya zubar da nasa. Wanda ya zagi tsoho a bainar jama'a ya ci mutuncin tsohon, nasa ma bai tsira ba. Hausawa na cewa tsira da mutunci ya fi tsira da kaya.

Faransanci ba shi da kalma guda da ta ɗauke wannan duka. Wani lokaci sai mu ce la dignité, wani lokaci le respect, wani lokaci la décence. Kada ku yi gaggawar zaɓe. Ku duba jimlar tukuna.

Mu ɗauki misali. A ce wani mahajjaci ya sauka a gidan wani mai nonon shanu a Alhilla Kuku. Mai gida ya shimfiɗa masa tabarma, ya ba shi ruwa da tuwo, bai tambaye shi ranar tafiya ba. Wannan karamci ne, l'hospitalité. Da zai wuce Makka, baƙon ya bar kuɗin komawarsa gida a hannun mai masauki. Ba takarda, ba shaida. Shekara ta zagayo bai dawo ba. Fari ya zo, shanu suka rame, abinci ya yi tsada. Kuɗin nan suna cikin akwati, ba wanda ya san da su. Mai gida ya sayar da saniyarsa, bai taɓa su ba. Bayan shekara uku baƙon ya dawo, ya tarar da ƙullinsa yadda ya ɗaure shi. Wannan shi ne riƙon amana. Da ya taɓa su, ko da niyyar mayarwa, da ya fara cin amana. Wuyar da ya sha bai yi ƙorafi ba, ita ce haƙuri, la patience.

Kunya kuwa iri biyu ce, kuma ɗalibai suna yawan rikita su. Akwai kunyar da ke kama wanda ya yi abin assha, wato la honte. Akwai kunya ta tarbiyya, la pudeur, irin wadda ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari. Ta biyun ado ce. Amma yaron da ya ƙi tambayar malam abin da bai gane ba, ya ce kunya yake ji, wannan kam asara ya yi.

Ladabi, la politesse, kun san shi: gaisuwa, karɓar abu da hannun dama, cire takalmi a gaban manya. Wanda ya haɗa waɗannan halaye shi ake kira mutumin kirki, un homme de bien.

Amana, ladabi da karamci daga Larabci muka aro su. Ɗan Bahaushe a Hartum in ya ji an ce "amana", "adab" ko "karam", ba ya bukatar tafinta.

A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum. Mutane da yawa suka gudu suka bar gidajensu. A unguwannin garuruwan nan uku, matasa da mata suka kafa manyan tukwane, suna dafa wake da adas. Ana kiran wuraren "takaya". Duk wanda ya zo da kwanonsa ana zuba masa.

Tambayoyi
1. Daga wace kalma aka samo "mutunci"?
2. Don me mai masauki ya sayar da saniyarsa alhali akwai kuɗi a akwatinsa?
3. "Ya fasa tulu ya ɓoye, yanzu kunya ta kama shi." La honte ce ko la pudeur?
4. Wace kalma ta dace da aikin masu takaya? Rubuta amsarka a kaye, da Hausa da Faransanci.