Ruwa a Man Tarakta: Wa Zai Biya Kuɗin Gyara?

Malam, ka ce dillali ya ƙi gyara maka tarakta kyauta, wai ruwa ya shiga man gas. Gaskiya ne garanti ba ya ɗaukar ɓarnar gurɓataccen mai, kuma ruwa kaɗan kan sa famfon mai da nozil tsatsa. Amma sai dillalin ya nuna hujja. A ɗebi mai daga gindin tanki a gabanka, a zuba a kwalba mai tsabta. In da ruwa, zai kwanta ƙasa. Karɓi kayan da aka cire da rahoton gyara a rubuce, ka adana rasidin gidan mai. In ya ƙi, kai kuka hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Don Allah rufe durom ɗin da kake ajiye mai da damina, kada ruwa ya shiga.